Agwagi a Bargon Kaka Opal

Jama'a, ku bar ni in sauke ajiyar zuciya tukuna. Sai yau na samu na ɗauki waya in rubuto muku. Tsayuwar da na yi ranar Asabar a ɗakin ƙasa na cocinmu, ko maƙiyiyata ba na yi mata fatan irinta. Amma ga ni da raina, har na ci abinci na ƙara.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Raelynn Sizemore. Ina zaune da iyayena a wani ɗan gari cikin duwatsun jihar Kentucky ta Amurka, inda in ka yi atishawa a gidan mai, kafin ka isa gida an bugo wa mamarka cewa kana mura. A asibitin haƙori nake aiki, ni ke ɗaga waya. Mamata kuwa, Lorene, ba ta da wata rayuwa da ta wuce ɗinkin bargon ƙyallaye da ƙungiyarsu ta matan coci masu wannan sana'a. Tun ina goye ake zuwa da ni taron nan.

Kafin Kaka Opal, mahaifiyar Mama, ta rasu, sai da ta haɗa min fuskar bargon aurena. Zobba ne sarƙe da juna, kowanne daga tufafin gidanmu: rigar da aka sa min ina jinjira, wandon aikin Baba, rigar Lahadin ita Kaka. Zobe ɗaya tak ta bari fari a tsakiya. A gidanmu, wannan zoben da rigar ango ake cike shi. Ranar da uwa ta shimfiɗa bargon a gaban ƙungiya ta ɗora rigar namiji a kai, to ba sai an buga kati ba, gari ya ji.

Ranar Juma'a da yamma na dawo daga aiki na tarar da Mama tana guga a kicin, tana 'yar waƙarta. Riga ce ta maza, shuɗiya, mai tsada.

"Rigar wa ce wannan, Mama?"

"Patsy ce ta ba ni. Zo ki taɓa ki ji yadi, Raelynn. Wannan shuɗin zai zauna a tsakiyar bargon Kaka kamar dama don shi aka bar wurin."

Na ƙi taɓawa. Goggo Patsy ita ce mahaifiyar Dalton Hensley, masu shagon abincin dabbobi na bakin hanya. Dalton ba mugu ba ne, kar ku zage shi. Yana buɗe min ƙofar mota, yana gaishe da Baba cikin ladabi, sai dai in ya fara labarin jirgin ruwansa na kamun kifi, sai ka ji barci yana fizgarka a tsaye. Da ya yi min maganar aure na ce zan yi tunani. Mama ta ɗauki wannan tunanin a matsayin kunyar 'yan mata.

"Mama, ai ban ce..."

"Ai ba sai kin ce ba, ni na haife ki. Gobe taron ayyukan da ba a gama ba, kin shirya naki?"

Na haye sama na zauna a bakin gado. Wayata ta yi ƙara.

Emmett: Rae, mutanen jihar Tennessee sun sake kira kan aikin nan, wai in koma can. Me zan ce musu?

Ni: Ka ɗan ƙara min lokaci.

Emmett: Lokaci kam na ba ki. Na gaji da ɓoye mota a bayan shagon wanki kamar wanda ya saci kaza. In ba za ki iya gaya mata ba, ki gaya min, ba zan riƙe ki ba. Ranar Litinin zan ba su amsa.

Emmett Napier ke nan, ma'aikacin lantarki, irin masu hawa falwaya in iska ta tsinka waya. Shi nake so, ban ɓoye muku ba. Matsalar guda ce: jikan Goggo Verna ne, ita ta raine shi. Mama da Goggo Verna kuwa ba sa ga maciji tun ina firamare, tun shekarar da Goggo Verna ta kwashe lambar farko a bajekolin gunduma, Mama ta ce a gaban jama'a da keke aka ɗinka bargon, ba da hannu ba. Daga ranar, ɗaya na zama a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. Ko burodin masarar juna ba sa ci.

To akwai wani abu da ko Emmett bai sani ba.

A taronmu akwai teburin rarar ƙyallaye. Kowa ta zube abin da ya rage mata, mai so ta ɗiba kyauta. A watan Oktoba ina wucewa ta wurin, idona ya sauka kan wani yadi da ba zan taɓa ɓatan sa ba. Ruwan lemo ne mai kashe ido, da korayen agwagi suna tashi sama. Rigar Emmett ce an yayyanka. Duk garin nan an san rigar nan, don ba soyar kifin cocin da bai zo da ita ba, kuma ba wanda bai yi mata dariya ba. Ita ce a jikinsa ranar da ya fara ce min sannu. Na waiga hagu, na waiga dama, na kwashe na cusa a jaka.

Na fara haɗa ɗan bargo da su, taurari ne, kowanne da agwagwa a tsakiya. Ba damar hawa keke, don keken yana ɗakin Mama, kuma ko tana barci ta san ƙararsa. Dole na koma allura da zare. A mota nake yi lokacin hutun rana, in soke yatsa in tsotse in ci gaba. Ranar Juma'ar nan ma, da na rasa abin yi da raina, shi na ɗauko na yi ta ɗinki har aka kira ni cin abinci. Na tura shi cikin rigar filo na bar shi kan kujera.

Ku riƙe wannan. Mu nan a rigar filo muke ɗaukar ɗinki. Mama kuwa iri ɗaya take saya mana duk lokacin da aka yi ragi, fara mai ɗigon shuɗi. Abin da na shirya nunawa, wani ɗan mayafin tebur da ya shekara yana jirana, yana rataye a bayan ƙofa cikin irin wannan rigar filon.

Da safe ina banɗaki ina fama da gashina, na ji muryar Mama daga ƙasa.

"Na ɗauko miki naki, yana mota! Ki yi sauri, ƙanƙara ta rufe hanya, ba na son Verna ta riga ni shiga!"

Na zura rigar sanyina mai ruwan toka da dogon takalmi na fito. Ko kallon bayan ƙofa ban yi ba. Hankalina duk yana kan jakar hannun Mama, inda shuɗiyar rigar take a ninke.

Taron farko na shekara shi ne na tonon asiri. Doka ce, ba mai shiga hannu rabbana. Kowa sai ta kawo aikin da ta fara ta yasar, mata biyu su kama kusurwoyi su ɗaga, ita kuma ta faɗi dalilin da ya hana ta gamawa. Ɗakin ya cika da ƙamshin kofi da waken da aka ɗora tun safe. Mama ta zauna kusa da Goggo Patsy, suna ta ƙus-ƙus suna kallona suna murmushi. Can kusa da na'urar ɗumama ɗaki, Goggo Verna ce da sandarta da jan gashinta na rini.

Shugabarmu Goggo Eunice, wadda ta haura tamanin, ta kaɗa ƙararrawa.

"Lorene ta roƙa a bar ta ƙarshe, wai nata akwai magana. Mu fara."

Aka yi shewa ƙasa-ƙasa.

Wata ta ɗaga bargon jariri, rabinsa a ɗinke, rabi a fil.

"Ina da cikin Roy na fara shi."

"To jaririn yana nan yana jira?"

"Jaririn ya yi sanƙo, Eunice."

Aka kwashe da dariya, aka tafa, aka ce mata Allah ya sa a gama. Wata ta ce kyanwarta ce ta haihu a kan nata. Wata ta ce ita tun da ta lura launin ya yi kama da labulen uwar mijinta ta ji ya fita ranta. Ni duk ban ji daɗin ko ɗaya ba. Ina ta haɗa magana a zuci: da Mama ta miƙe zan ja hannunta mu fita waje. Ko in ce cikina ke ciwo. Ko in faɗi sumammiya, Allah na tuba.

"Raelynn, 'yar gidan Lorene. Taso mu gani."

Na miƙe da rigar filona. Goggo Patsy ta yi wuf ta taso.

"Kawo in riƙe miki, 'yata."

Na zura hannu ba tare da na duba ba. Yatsuna suka ji abin ya fi mayafin tebur kauri, amma kafin ƙwaƙwalwata ta gane, Goggo Patsy ta kama kusurwa ɗaya, wata ta kama ɗayar, suka ja baya suka ware shi.

Agwagi.

Wayyo Allah. Korayen agwagi a kan ruwan lemo, reras, a gaban matan da ke iya gane yadin wandon mijin maƙwabciya daga ƙetaren titi. Ɗakin ya yi tsit, har tafasar wake nake ji. Wata ta ajiye kofinta a hankali. Murmushin Goggo Patsy yana nan a fuskarta, sai dai ya daskare.

Sai ƙarar sanda a ƙasa, ƙwas!

"Na gode maka Ubangiji! Ashe ke ce!"

Goggo Verna ce ta miƙe, tana nuna ni da sanda, bakinta har kunne.

"Verna, zauna," in ji Goggo Eunice.

"Ba zan zauna ba! Yaron nan wata da watanni yana waƙa a banɗaki, yana goge takalmin da bai taɓa sanin man gogewa ba. Na ce wace ce, ya ce ba kowa. Na ce to, shi ke nan. Na sa wa rigar nan almakashi na zube a teburin can. Na san duk faɗin gundumar nan ba mace mai cikakken hankali da za ta ɗauki wannan yadin, sai wadda so ya rufe wa ido. Na zauna na kafa wa teburin ido. Tashin da zan yi in zuba kofi, kafin in juyo an kwashe! Tun Oktoba nake zargin kowa a ɗakin nan. Har ke, Eunice!"

Wasu suka fashe da dariya, suka yi saurin toshe baki. Don Mama ta miƙe.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Ba faɗanta nake tsoro ba, a'a, fuskarta ce ta yi fari fat. Ta tako a hankali har gaban bargon. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli agwagin ba. Ta ɗauko tabaraunta da ke rataye a wuya ta saka, sannan ta yi abin da kowace mai ɗinki take yi in tana son gaskiya: ta kama gefen ta juya bayansa.

Ta daɗe tana bin ɗinkin da ɗan yatsa.

"Da hannu ne," ta ce, kamar da kanta take magana.

"Eh, Mama."

"A ina?"

"A mota. Lokacin hutun rana."

"Ke? Ke da maɓallin riga in ya cire sai kin ajiye min a kan teburi? Shekara nawa ina roƙonki ki riƙe allura, kina ce min bayanki ke ciwo?" Ta kamo hannuna ta juya, ta ga kan yatsuna duk huji. Muryarta ta sauka. "Ko kusurwa ɗaya ba ta kauce ba."

A nan ne maganar da na yi watanni ina ɓoyewa ta fito da kanta.

"Mama, Emmett nake so. Goggo Patsy, ki yafe min. Dalton bai yi min komai ba sai alheri, laifina ne da ban buɗe baki da wuri ba."

Goggo Patsy ba ta saki kusurwar ba, wannan kam zan yaba mata har abada.

"Ya tambaye ki aure?" in ji Mama.

"Ya tambaya."

"Kika ce me?"

"Na ce eh, amma sai na gaya miki."

"Tun yaushe?"

"Tun lokacin zafi."

Ta cire tabarau, idonta ya cika da ƙwalla.

"Dodo ce ni, Raelynn? Kina zaune a mota cikin sanyin nan kina soke yatsu, ni ina gida ina goge rigar ɗan mutane kamar mahaukaciya?"

Kuka ya ƙwace min. Na ce mata tsoron in ɓata mata rai ne, saboda ita da Goggo Verna. Ta yi tsaki, ta zaro hankici daga hannun rigarta ta miƙo min, wanda ta riga ta share nata hancin da shi, amma na karɓa.

Goggo Eunice ta yi gyaran murya. "To, Allah ya sa a gama. Lorene, ke kika rage. Ko a bar shi wani watan?"

"A'a. Layina ne."

Ta koma kujerarta ta ɗauko rigar filonta. Aka ware bargon Kaka Opal, zobban nan suka bayyana, ga rigar jarirantakata, ga wandon Baba, ga farin fili a tsakiya. Tsofaffin da suka san Kaka suka ce Allah sarki. Ni kuwa jakar hannun Mama nake kallo. Tana nan a kan kujera, zif ɗinta a rufe, kuma Mama ba ta ko waiwaye ta ba.

"Na uwata ne," ta ce. "Abin da ya hana a gama shi, ba a samu yadin tsakiya ba."

Sai ta juya, a karo na farko tun ina firamare, ta fuskanci kusurwar na'urar ɗumama ɗaki.

"Verna."

"Lorene."

"Akwai saura?"

"Na ajiye hannun riga ɗaya da aljihu. Na ce ko za a buƙata."

Mama ta dubi farin zoben, ta dubi agwagina, ta rufe ido ta girgiza kai.

"Agwagi a bargon uwata. Allah na tuba, da tana raye da ta kore ni daga gida." Ta buɗe ido. "Da hannu za a ɗinka. Keke ba zai taɓa shi ba."

"Ai ni dama da hannu nake duk..."

"Verna, a coci muke. Kar ki sa ni magana."

Ɗakin ya ɗauki dariya da tafi. Na zube kan kujera ina kuka ina dariya. Wani nauyi da na manta ma ina ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjina. Lokacin cin abinci na ga da idona Mama ta gutsiri burodin masarar Goggo Verna, ta tauna, ta ce gishiri ya yi yawa. Amma ta cinye.

Na laɓe bayan tulin kujeru na ciro waya.

Ni: Ka ce wa mutanen Tennessee su nemi wani.

Emmett: Kakata ta riga ki. Ta kira ni ina saman falwaya tana ihu, na ɗauka gobara ce. Rae, wai da gaske ita ta yanka min rigata? Ni da na yi ta rigima da masu shagon wanki!

Ni: Ranar Lahadi ka zo cin abinci. Ka ajiye mota a ƙofar gida.

Emmett: A ƙofar gida? Ta gaba?

Ni: Ta gaba.

Da za mu fito, Goggo Patsy ta tare Mama a bakin matakala. Ban ji duk abin da suka ce ba, na dai ga sun riƙe hannun juna, na kuma ji ƙarshen maganar Goggo Patsy: "Ba zan kira shi ba. Amma kar ɗana ya ji a bakin gari."

Muka shiga mota, Mama ta ja. Ni kuwa na jingina kai da gilashi, ina jin daɗin numfashi kawai, ina tunanin wace riga zan ce Emmett ya sa ranar Lahadi, tunda an raba shi da abar ƙaunarsa. Ban lura ba ta bi hanyar gida ba sai da ta taka burki.

Ta buɗe zif ɗin jakarta, ta fito da shuɗiyar rigar, a ninke, da ƙamshin guga, ta ɗora min a cinya.

"Ni na karɓo, na san wannan. Amma ke kika ce masa za ki yi tunani. Hannu da hannu za ki mayar, Raelynn, ba ta waya ba."

Na ɗaga kai. A gaban shagon su Hensley muke. Dalton yana loda wa wani buhunan dusa a bayan mota. Ya hango mu, ya sauke buhun, ya goge hannu a wando, ya ɗago min hannu da wannan murmushin nasa na wanda bai san komai ba.

Mama ta kashe mota.

"Je ki. Ina nan, ba inda za ni."

Na rungume rigar, na buɗe ƙofa.